Dutsen da zai ɗauki Yaya

Asabar, cikin Janairu 2026, Grenoble

Yau aka gama maganar inda za mu kai su Yaya wasan siki, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara, a hutun Fabrairu. Cinyoyina zugi suke yi, amma ina so in rubuta yadda aka kai ga matsaya kafin barci ya kwashe ni.

Mu bakwai ne, kuma kowa da inda ƙarfinsa ya tsaya. Yaya, wadda suka dawo Lyon da zama bara, ba ta taɓa ɗaura siki a ƙafarta ba. Mijinta ma haka. Autarsu mai shekara biyar sabuwa ce fil. Babban ɗansu ya taɓa zuwa da makarantarsu, yana sauka shuɗin layi ba gargada, har ya fara leƙen ja. 'Yata ta karɓi tauraronta na farko, wato lambar cin gwajin mataki, a makarantar siki. Ni da maigida muna tsaka-tsaki: a kan shuɗi hankalinmu kwance, ja sai mun nutsu, baƙi kuwa mun bar wa masu shi. A Faransa haka aka raba layukan gangara, kore na ɗan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. Amma kowane wuri shi yake sa wa layukansa kala, shi ya sa shuɗin wani dutse kan kai jan wani tsauri. Wanda ya zaɓi wuri da kallon taswira kaɗai bai ga komai ba tukuna.

Muna karin kumallo maigida ya buɗe taswirar wurin sikin Alpe d'Huez a kwamfuta. Ya daɗe yana son wurin. Ya karanto mini layuka kilomita 250, da ƙololuwar Pic Blanc mai tsayin mita 3,330, da Sarenne wadda ake saukowa kilomita 16 a jere.

Na ce, “Malam, Sarenne baƙin layi ce. Wa zai sauko ta a cikinmu?”

Ya ce ai baƙo idan ya zo, abin da ya fi girma ake nuna masa.

Na ce, “Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Yaya a makon nan gaba ɗaya ba za ta taka kilomita biyar daga cikin 250 ɗin ba.”

Ba zan zalunci Alpe d'Huez ba. Filin 'yan koyonsu yana cikin mafi kyau a yankin nan, koren layuka masu faɗi shimfiɗe a saman garin, ga rana tana dukansu kusan duk yini domin kudu suke kallo. Da za mu kama ɗaki a can mu kwana, da ban yi musu ba. To amma ɗakin mutum bakwai a Fabrairu ba kuɗin wasa ba ne, kuma tun farko mun shirya a gidanmu za a kwana, a riƙa fita kullum da safe. Daga nan zuwa can ya haura kilomita 60, ƙarshen hanyar kuma kwanoni 21 ne daga Bourg-d'Oisans, waɗanda masu tseren keke na Tour de France suka sa duniya ta sani. Yarinya mai shekara biyar a bayan mota, safe da yamma, mako guda. Ga katin hawa injinan da ke kai mutum saman dutse na babba ya wuce Yuro 60 a yini, kuɗin dutsen da kusan rabinmu ba za su gani ba sai daga nesa.

Sai ya kawo Les Deux Alpes. Wannan ban ɓata lokaci a kansa ba. Dutsen a juye yake: layukan da suka fi sauƙi da faɗi suna can sama wajen ƙanƙarar da ba ta narkewa, sama da mita 3,000, masu tsauri kuma su ne ke gangarowa cikin gari. Sun gyara shuɗin layi na dawowa, gaskiya ne, amma ba na so Yaya ta fara sanin siki a inda numfashi ke gajarta, sanyi kuma na shiga har ƙashi.

Ni zuciyata tun farko yankin duwatsun Vercors ta karkata. Autrans, Méaudre, Lans, Villard-de-Lans, garuruwa ne na gaske da mutane ke zaune a ciki rani da damina, gangarensu mai taushi a cikin itatuwa, kuɗinsu da sauƙi. Abin da ya tsayar da ni tsayi ne. Garuruwan suna wajen mita 1,000 da ɗoriya, kuma a ƙa'ida duk mita dubu da aka hau sanyi na ƙaruwa da kusan digiri shida. Ranar da dusar ƙanƙara ke zuba a mita 1,700, a mita 1,100 yana iya zama ruwa ne tsagwaron sa. Injinan feso dusa ma ba sa aiki sai iska ta yi sanyi ƙasa da sifiri. Mu da ke zaune a nan, idan wannan makon bai yi ba sai mu jira wani. Su Yaya mako ɗaya tak gare su. Hutun yankinmu, wanda ya haɗa Grenoble da Lyon, zai fara ranar 7 ga Fabrairu, azumi kuma ana sa ran kamawarsa wajen 18 ko 19 ga wata. Ba wanda zai koyi siki da bakin azumi, don haka makon farko ne ko babu.

Saura biyu, Les 7 Laux da Chamrousse. Les 7 Laux ya fi faɗi, kilomita 120, kuma ɗan Yaya zai so shi ƙwarai, amma gangarensa ya fi dacewa da wanda ƙafarsa ta riga ta zauna. Na ce wa maigida maimakon mu yini muna jayayya a kan allo, mu ɗauki yarinya mu hau Chamrousse in duba da idona, ba a matsayin mai zuwa wasa ba, a matsayin mai kawo 'yar uwa.

Kilomita 30 ne daga gida, ta Uriage. Tayoyin sanyi suna kan motar tun Nuwamba, domin doka ta wajabta su ko sarƙar taya a yankunan duwatsu har ƙarshen Maris. Ba mu tsaya a Recoin ba, wato Chamrousse 1650, domin can ne ɓangaren da ya fi tsauri. Muka wuce Roche-Béranger, a mita 1,750. Na sallami maigida da yarinya suka tafi hawa, ni kuma na nemi gefe a bakin filin 'yan koyo na tsaya kallo. Wannan tsayuwar ita ce aikin da ya fi muhimmanci a yinin nan.

Abu na farko da na duba shi ne ƙarshen gangaren. Ɗan koyo bai iya tsayawa ba, dole ƙasa ce za ta tsayar da shi. Idan gangare ya ƙare a shimfiɗaɗɗen wuri, mutum na tsayawa da kansa ko bai yi komai ba, sai tsoro ya fita daga ransa. Idan ya ƙare a bakin layin masu jiran hawa ko a jikin shinge, sai ya riƙa jefar da kansa ƙasa tun kafin ya isa. Na biyu, da me ake mayar da su sama. Akwai sandar nan mai faifai da ake sawa tsakanin cinyoyi ta ja mutum, wadda ke kayar da sababbi domin kowa ji yake ya zauna a kanta. Akwai kuma shimfiɗa mai tafiya da kanta, mutum ya tsaya kawai ta kai shi. Da na ga yara ƙanana jere a kan shimfiɗar, hankalina ya kwanta game da autar Yaya. Na duba nisan bandaki da wurin ɗumama jiki, domin tafiyar mita ɗari biyu cikin takalmin siki aiki ne ga wanda bai saba ba. Na duba kuma ko masu gudu daga sama suna ratsa filin. Ƙa'idar siki ta ce wanda ke gaba shi ke da hanya, na bayansa ne zai kauce, amma ɗan koyo bai san da wannan ba, jin ƙarar siki a bayansa kaɗai ya isa ya sandarar da shi.

Akwai wata mata da za ta yi sa'ar Yaya a cikin wani aji na manya. Malaminsu, cikin jar rigar nan ta ESF, makarantar koyar da siki ta Faransa, yana tafiya da baya a gabanta, yana nuna mata ta haɗa kawunan sikin gaba ta buɗe bayansu. Sau da yawa ta faɗi. Da na dawo wurin kafin azahar sai na gan ta tana juyawa hagu da dama ita kaɗai, fuskarta cike da fara'a. Na tsaya ina kallonta har idona ya kawo ruwa, domin abin da nake nema wa 'yar uwata kenan. Yaya ta yi shekaru tana ɗawainiya da kowa. Ina so ta samu abu ɗaya a ƙasar nan da za ta yi don kanta, ta ji daɗin jikinta a ciki.

Abin da ya yanke mini shawara shi ne yadda layukan suke haɗuwa. A Roche-Béranger kore da shuɗi suna saukowa ne gaban gine-gine guda. Ke nan ɗan Yaya zai iya hawa sama da maigida, su dawo su tarar da mahaifiyarsa a inda suka bar ta, a ci abinci tare, ta ga ɗanta yana saukowa, shi ma ya ga yadda take ci gaba. A manyan wurare iyali kan watse da safe, ba a sake haɗuwa sai a mota. Kuma bayan filin koyo akwai koren layi mai ɗan tsawo a cikin itatuwa, wanda shi ne matakin da mutum ke buƙata a rana ta uku ko ta huɗu. Wurare da yawa a nan suke gazawa: daga ɗan filin yara sai shuɗi mai tsauri, babu tsani a tsakani.

Na shiga ofishin makarantar na tambayi gurabe. Azuzuwan safe su ne ke fara cikewa a lokacin hutu, don haka ban jira ba. Maigida ya so a ce shi zai koya wa mijin Yaya don a rage kuɗi, na roƙe shi ya bari. Na ga mutane da yawa da suka bar siki har abada saboda wani ɗan uwa mai kyakkyawar niyya ya hau da su sama ranar farko yana cewa ai ba wuya. Inda za a rage kuɗi daban ne: ɗan koyo ba ya buƙatar katin dutse gaba ɗaya a kwanakin farko, akwai ƙaramin kati na ɓangaren koyo. Inshorar yini kuwa kowa sai an saya masa, domin a Faransa idan masu ceto suka sauko da mutum daga kan layi, biya ake yi.

Da rana muka koma mota muka buɗe kular dambu da filas ɗin shayi. Haka za mu riƙa yi da su Yaya, domin abincin kan dutse sai da lura: tartiflette da naman alade ake yin ta, fondue kuma da farar giya ake narka cukunta. Na riƙe alwalata tun daga gida, na shimfiɗa darduma a gefen mota na yi azahar.

Bayan nan na ɗaura sikina muka hau tare har Croix de Chamrousse, mita 2,250. Na gaya wa 'yata cewa inda muke tsaye ya fi dutsen Bagzan na Azbin tsawo, wanda shi ne mafi tsawo a Nijar da mita 2,022, ta ce sai ta gaya wa kakarta a waya. Maigida ya bi ja ya gangara ta wajen Recoin, ɓangaren da aka yi tseren Olamfik na 1968, lokacin da Jean-Claude Killy ya kwashe zinare uku. Mu kuma muka bi shuɗi ta doron dutse muka koma. Da muka haɗu yana haki yana murmushi, ya ce jan wurin ba na raini ba ne.

Chamrousse yana da nasa rauni, kuma na faɗa wa kowa tun yanzu. Samansa fili ne, iska da hazo kan rufe shi. Kusancinsa da gari yana jawo cunkoso, kuma a makon da za mu je duk yaran Grenoble da Lyon suna hutu. Layukansa kilomita 90 ne, yaro mai zafin jini zai gama zagaye abin da ya dace da ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki. Na auna duk wannan na ga ba ɗaya da zai hana Yaya koyo, tunda ita a ƙasa take cikin itatuwa, kuma masu aji suna da layin shigarsu daban a wurin hawa.

Bayan isha'i na kira ta.

Ta ce, “Auta, ni fa kunyar faɗuwa a gaban mutane nake ji. Kuma wane irin kaya zan sa?”

Na ce, “Yaya, duk ajinku faɗuwa za su yi, ba mai lokacin kallon wani. Ƙaramin hijabi yana shiga ƙarƙashin hular kwano lafiya lau, haka nake yi. Ina da doguwar rigar sanyi mai kaiwa gwiwa da wando mai faɗi, za su yi miki. Safa ɗaya kawai za ki sa, idan kika ninka takalmin zai matse ki, ƙafar ta fi yin sanyi.”

Ta yi shiru, sannan ta ce, “To, Allah ya kai mu.”

Ɗanta ya karɓi wayar yana cewa, “Tanti, Alpe d'Huez fa?” Maigida ya amsa masa da kansa: ranar Alhamis su biyu za su kama bas ɗin Transaltitude daga tashar Grenoble su yini a can, da sharaɗin ba za a je kusa da Sarenne ba. Na biya ajin safe na mutum uku, Lahadi zuwa Juma'a. Gobe Yaya za ta turo mini lambar takalmin kowa da tsayinsa da nauyinsa, domin da su mai hayar kaya yake daidaita maƙalin siki yadda zai saki ƙafa idan an faɗi.