Mako na uku ina gwajin loda famwaya a kenel ɗin Linux

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyo. Ga inda na kwana a wannan makon.

Ga wanda yanzu ya shigo: famwaya ita ce 'yar manhajar da ke aiki a cikin ita kanta na'urar, kamar katin Wi-Fi. Da yawa daga irin waɗannan na'urori ba sa riƙe ta da zarar an kashe kwamfuta, don haka duk kunnawa sai direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar, ya roƙi kenel, wato zuciyar Linux, ta request_firmware() ya nemo masa fayil ɗin. Tun sigar 3.7, a 2012, kenel da kansa yake karanto shi daga faifai. Yana fara duba hanyar da ka ba shi a firmware_class.path, sannan /lib/firmware/updates, daga ƙarshe /lib/firmware.

A cikin QEMU nake aikin, wato manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin tawa, don ko kenel ya daskare kwamfutar aikina na nan lafiya. Na kunna CONFIG_TEST_FIRMWARE, wato test_firmware ɗin da Kees Cook, ɗaya daga masu aikin kenel, ya shigar a 2014. Na'ura ce ta ƙarya: ka rubuta sunan fayil a trigger_request, ta roƙo shi, kai kuma ka karanta /dev/test_firmware ka ga ko abin da ka ajiye shi ne ya dawo. Karon farko sai dmesg, mai nuna saƙonnin kenel, ya nuna min kuskure -2, wai babu fayil, alhali ga shi ina kallonsa. Ashe echo, umarnin da na rubuta sunan da shi, ne ya ƙara alamar sabon layi a ƙarshen sunan, kenel kuwa ya ɗauke ta a matsayin harafi. Da na sa echo -n sai ya wuce.

Abin da ya cinye min yamma guda shi ne matse fayil. Tun 5.3 kenel na karɓar famwayar da aka matse da xz, daga 5.19 kuma har da zstd. Na matse nawa da xz yadda na saba, na goge na asalin, na gwada, ya ƙi. Na warware shi da hannu, lafiya ƙalau. Na sake duba CONFIG_FW_LOADER_COMPRESS, a kunne yake. Sai da na zauna na karanta bayanin da ke ƙarƙashin zaɓin a Kconfig, inda ake bayanin zaɓuɓɓukan kenel, sannan na gano matsalar: xz ɗin da muke amfani da shi kullum yana sa lambar tantancewa ta CRC64, shi kuwa mai warwarewa na cikin kenel CRC32 kawai yake karɓa, ko babu tantancewa sam. Maganin xz -C crc32 ne. Wannan ya tsaya min a rai, domin a kwamfutar mutum ba wanda zai ce masa "xz ne". Zai ga Wi-Fi ya ɓace ne kawai.

Jiya na shiga hanyar ko-ta-kwana, wadda kenel ke bi in ya nema a faifai bai samu ba, inda yake jiran wata manhaja daga wajensa ta miƙo masa fayil ɗin. Na rubuta 1 a /proc/sys/kernel/firmware_config/force_sysfs_fallback don in tilasta masa bin ta, na roƙi sunan da babu shi. Nan take fayiloli biyu suka fito a sysfs (wato /sys, inda kenel ke nuna na'urori a matsayin fayiloli), loading da data, kenel yana jirana. Na rubuta 1 a loading, na zuba bayanan a data, na rufe da 0, ya karɓa. Na sake, amma wannan karon na rubuta -1, ya soke roƙon. Na uku na naɗe hannu ban taɓa komai ba, sai da daƙiƙa 60 ɗin da ke /sys/class/firmware/timeout suka cika ya haƙura. Ka ƙiyasta na'urori uku kowacce ta yi wannan jiran a jere lokacin tashin kwamfuta. Systemd, mai tada ayyukan kwamfuta a yawancin Linux, ya cire wa udev, ɓangarensa mai kula da na'urori, aikin amsa irin wannan roƙo tun sigar 217, don haka a yawancin kwamfutocin yau babu mai amsawa.

Shawarata gare ku, kada ku fara da fw_run_tests.sh, mai gudanar da gwaje-gwajen da kansa, da ke tools/testing/selftests/firmware. Na fara da shi a makon farko, ya nuna komai ya yi daidai, amma ban fahimci komai ba. Ku fara lalata abin da hannunku ɗaya bayan ɗaya, sannan ku buɗe fw_fallback.sh, za ku gane kowane layi.

Mako mai zuwa, in sha Allahu, zan duba yadda kenel ke ajiye famwaya a ƙwaƙwalwa kafin kwamfuta ta yi barci, tunda lokacin farkawa direba na iya nema tun faifai bai dawo aiki ba.