Daƙiƙa 47

Talata, bayan sallar Isha'i

Yau ko taɓa aikin amaryar Hotoro ban yi ba, ga shi ranar Juma'a za su zo karɓa. Na fito da niyyar in gama yanke wajen kamu in ɗora kiɗa, amma kwamfuta ba ta gama tashi ba sai ga sallamar Iya a ƙofar shago. Iya mai ƙosan bakin layinmu ce, tun ina firamare nake cin ƙosanta, rabi da kuɗi rabi bashi, kuma ba ta taɓa tako min shago ba sai yau. Jikanta na biye da ita, riƙe da waya.

"Ɗan nan, an ce kai ka san harkar hoto. Duba min wannan."

Bidiyo ne na daƙiƙa 47. Autanta ne, mai tuƙa adaidaita sahu, kwance a gefen kwalta ya rufe kai da hannuwa, masu kaki uku a kansa. Ɗaya da gora, ɗaya da takalmi, na ukun yana korar masu taruwa. Ana jin muryarsa yana cewa "don Allah ku yi haƙuri" har sau huɗu. Ranar Lahadi abin ya faru, kan na goro da ya ce bai samu ba tukuna. Yanzu yana asibiti da karayar hannu da haƙarƙari biyu.

Shekara tara ina ɗaukar biki da suna, hannuna bai taɓa rawa da waya ba sai yau. Da na natsu na sake kallo da idon sana'a, sai gabana ya faɗi. Hoton ya dakushe, a samansa WhatsApp ya nuna an tura shi sau da yawa. Babu lambar mota, babu allon shago, fuskokin ma sai dai a yi kirdado. Wanda ya san mutumin zai gane shi, amma gobe wani ya ce a Kaduna ne, ko shekara biyar da ta wuce, ba mu da bakin musawa.

Jikan ya ƙagu. "Yaya, mu sa a Facebook yanzu, a yi ta yaɗawa kamar na George Floyd." Na ce masa yarinyar da ta ɗauki yadda ɗan sanda ya kashe baƙar fatan nan a Amurka a 2020, Darnella Frazier, shekararta 17 amma ta tsaya cak kusan minti goma ba ta kashe waya ba, ga fuskar ɗan sandan, ga motarsu, ga shagon da abin ya faru a gabansa. Kuma ita da kanta ta je kotu ta ba da shaida. Namu fa, wa ya ɗauka? Ya ce a wani zauren 'yan unguwa ya gani. Daga nan muka shiga bin sawu, wannan ya ce wancan ya turo masa, har zaren ya kai mu ga yaron wani mai shayi da ke mahaɗar da abin ya faru.

A hanya nake ba shi labarin da aka nuna mana a wata bita ta kwana uku da na taɓa zuwa, wadda na je don kuɗin mota, in faɗi gaskiya. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu, sojoji da aka ce na Kamaru ne suna kora mata biyu da yara biyu a kan wata turba, suka rufe musu ido suka harbe su. Kakakin gwamnatin Kamaru na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya ce labarin ƙarya ne, wasu suka ce a Mali ne. 'Yan binciken BBC da abokan aikinsu suka ɗauki zanen dutsen da ke bayan matan suka gwada da hoton tauraron ɗan'adam, ya faɗa daidai kusa da Zelevet, a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, dab da iyakarmu. Gine-gine da inuwar sojojin a ƙasa suka nuna tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2015 ne. A Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu shekara goma-goma. Na biyar, wanda ya ɗauki hoton ya yaɗa, shekara biyu. Hukuncin ya yi sauƙi ƙwarai a kan rai huɗu, amma da ba don dutsen nan ya fito a hoton ba, da ko wannan ba a samu ba.

Yaron mai shayi ya rantse bai san zancen ba. Ban ga laifinsa ba, a nan yake kwana, a nan mutanen nan ke shan shayi kullum. Na sayi shayi da biredi na zauna, har ubangidansa ya tafi alwala. Sai ya matso yana goge kofi, murya ƙasa-ƙasa, ya ce yana nan a wayarsa, dama yau yake shirin gogewa don wayar ta cika.

Na asalin minti biyu da daƙiƙa goma ne. Shi ya yanke tsakiya ya tura, wai nan ne "wajen abin". Farkon da ya jefar kuwa shi ne zinariyar: ga allon kyamis da sunan titi, ga lambar motarsu tar, ga wani ya kira ɗaya daga cikinsu da sunansa. Amma kuma ga fuskar mai shayin a gefe, ga muryar yaron yana salati dab da wayar. Duk wanda ya san wurin zai gane daga wane benci aka ɗauka. Na jona wayarsa da kwamfutata ta igiya na kwafe shi yadda yake, ban sauya masa suna ba, ban taɓa komai ba, don ranar da lokacin da wayar ta rubuta a cikinsa su tsaya. Turawa ta WhatsApp a matsayin bidiyo tana matse hoton ta kankare waɗannan bayanai, shi ya sa na Iya ya zama kamar kwafin kwafi. Na rubuta a takarda ƙarfe nawa na karɓa, daga wace irin waya, a gaban wa.

Bayan Azahar na kira Barista, wadda ta koyar da mu a bitar. Na zaci za ta yi murna, sai ta jero min tambayoyi. Akwai rahoton likita? Yaron zai yarda ya sa hannu cewa shi ya ɗauka? Ta ce sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da hoton kafin kotu ta karɓa. Ta ce akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, kuma za a iya kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ko da yaron ya ji tsoron kotu. Ta tuna min da Rodney King: duniya ta kalli dukan da 'yan sanda suka yi masa a Los Angeles a 1991, amma shekara ta zagayo kotun farko ta sallami 'yan sandan. Sannan ta yi tambayar da ta kashe min jiki: "Shi mai ciwon me ya ce?"

Tun safe nake juya hoton mutumin nan, na kalle shi ya fi sau ashirin, na tsayar, na matso da fuskarsa, ban tambaye shi komai ba.

Da La'asar muka shiga ɗakin da yake kwance. Hannu a filasta, numfashi da ƙyar, Iya na yi masa fifita da murfin kwali. Na ce na samo na asalin, ya yi shiru. Can ya ce, "Ka ga inda wandona ya zame?" Na gani, a cikin dogon ne, wajen ƙarshe, lokacin da suka ja shi a ƙasa. Ni ban ɗauke shi komai ba, idona na kan lambar mota. Ya ce babbar 'yarsa tana aji biyu na sakandare, ƙawayenta sun riga sun nuna mata guntun, jiya ta ƙi zuwa makaranta. "A kai wa lauya, a kai inda za a bi min haƙƙina. Amma kar in ga wannan a Facebook. Sun dake ni a titi ɗaya, kar ku tsirara ni a gari duka."

Jikan ya fara cewa ai sai mutane sun yi ca sannan manya ke motsi, kuma ba ƙarya ya faɗa ba, mun sha gani. Iya ta ɗaga masa hannu. "Jikinsa ne. Abin da ya ce shi za a yi." Muka tsaya a kan haka: cikakken ya tafi wajen Barista kaɗai. In har an ga sai an fitar da wani abu ga 'yan jarida, zan lulluɓe fuskarsa da ta mai shayi, in cire muryar yaron, in tsaya kafin wajen jan, kuma sai ya kalla ya amince. Guntun da ya riga ya bazu kuwa, ya fi ƙarfinmu.

Na yi kwafi biyu a memori. Ɗaya gobe da safe zan kai ofishinta da hannuna, ɗayan yana cikin gwangwanin madara a ɗakin Mama, ita ma ba ta san yana nan ba. Da ƙarfe huɗu, daidai lokacin da abin ya faru, zan koma mahaɗar in ɗauki allon kyamis ɗin da inuwar turken wuta, kamar mai gwada sabuwar waya. Yaron mai shayi bai ce zai sa hannu ba, bai kuma ce a'a ba, ya dai ce sai ya tambayi babansa a ƙauye.

Uwar amarya ta kira sau biyu ban ɗaga ba. An kawo wuta yanzu, bari in buɗe wajen kamun.