Ranar da kiyashi suka shigo wa ƙoƙi-ƙoƙina

A shekarar ƙarshe ta karatuna na nazarin ƙwari, aikin da aka ɗora mini shi ne bin girman ƙoƙi-ƙoƙi tun daga ƙyanƙyasa har ya yi fiffike. Da yake sau da yawa cikin dare suke saɓa, sai na nemi izini na tafi da su gida: kwalabe tara, kowace da guda ɗaya a ciki, don in aka haɗa su cinye juna suke yi. A gefe ga akwatin gyare, abincinsu ke nan.

Wata safiya na tarar da ɗaya a gindin kwalba, kiyashi sun yi masa baƙi ƙirin. A daren ya yi saɓa. Ƙoƙi-ƙoƙi yakan rataye ne kai ƙasa, ya zare jikinsa daga tsohuwar fata a hankali, ya fito lagwai-lagwai kamar jiƙaƙƙiyar takarda, sai ya yi sa'o'i kafin sabuwar fatar ta yi tauri. A wannan tsakanin, halittar da ke cafke gyare cikin ƙiftawar ido ba ta iya kare kanta daga abin da bai wuce milimita 2 ba. Ragar da na ɗaure bakin kwalbar da ita ta hana shi fita, su kuwa ta cikin idonta suka bi. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don ni na kulle shi a inda ba shi da hanyar gudu.

Gwangwanin feshi na hannuna lokacin da na kira dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu. Ya ce, "Ajiye shi, ɗana. Maganin ƙwari bai san ɗan gida ba, bai san baƙo ba." Na san haka a takarda. Yawancin magungunan feshi na gida dangin fametirin ne, jijiyoyin ƙwaro suke bugawa, kuma ƙwari ta ƴan ƙofofin da ke gefen jikinsu suke numfashi, saboda haka abin da ya watsu a iskar ɗaki zai isa cikin kowace kwalba. Amma ranar ce sanin ya sauko mini daga kai zuwa hannu. Ya ƙara da cewa ƙananan kiyashin nan da ake kira na Fir'auna sarauniyoyi da yawa gare su a gida ɗaya. In feshi ya firgita su sai su rabu ƙungiya-ƙungiya, kowace ta ɗauki ƴaƴanta ta kafa sabon gida a wani tsagin bango.

Na fara da ba ƙoƙi-ƙoƙina kariya daga kiyashin. Na janye teburin daga jikin bango, na ɗauke wayar fitila da ke taɓa shi, domin ita ce gadar kiyashin. Kowace ƙafar tebur na sa ta cikin kofi mai ruwa da ɗigon sabulu. Sabulun na da muhimmanci: in babu shi, kiyashi saboda rashin nauyi suna iya takawa a saman ruwa. Na shafa man Vaseline a wuyan kwalabe, na daina barin ragowar gyare ya kwana. Hanyar da suke bi kuma na goge ta da ruwan sabulu, tunda ƙamshin da na gaba ya bari na baya ke bi.

Sai abin da ya fi mini wuya, wato ciyar da kiyashin. Kiyashin da ido ke gani ƴan neman abinci ne kawai, sarauniya da ƴaƴa na can ɓoye. Hanyar isa gare su ita ce ruwan sukari mai ɗan borik asid, wata hoda mai kashe ƙwari, kimanin kashi 1 cikin 100. Dole ya zama kaɗan. In ya yi ƙarfi, ma'aikaciyar za ta ƙi shi ko ta mutu a hanya, alhali so ake ta koma gida ta amayar wa ƴan uwanta baki da baki har ya kai ga sarauniya. Na zuba shi a ƴan robobi masu murfi, na huda ƙofofi da bakin allura mai kauri, yadda kiyashi zai shiga amma gyaren da ya tsere ba zai iya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don gyaren da ya sha guba, in ƙoƙi-ƙoƙi ya ci shi, shi ma ya sha. Na ajiye robobin a wajen ɗakin, kusa da tsagin da suke fitowa, kuma duk lokacin da na taɓa su sai na wanke hannu kafin in kusanci kwalabe.

Kwana biyun farko sai suka ƙaru. Na tsuguna ina kallon layinsu, masu tafiya sirara, masu dawowa ciki ya kumbura har yana ɗaukar ido, ga tsumma a hannuna, zuciyata na cewa in share su gaba ɗaya. Ban share ba. Daga baya suka juya wa zaƙi baya, sai na gauraya maganin da abu mai maiƙo, domin buƙatar gidansu takan sauya in tsutsotsinsu na girma.

Wani abokin karatu ya ba ni shawarar farar hodar nan ta dayatom da ake cewa ba guba ba ce. Ban karɓa ba. Tana lalata kakin da ke rufe fatar ƙwaro ne har ya bushe ya mutu, kuma ƙurarta na tashi. Haka maganin ƙuma da ake ɗiga wa kare ko kyanwa a wuya, irin mai fifronil: shafa dabbar sannan a taɓa kwalba ya isa ya yi ɓarna.

Sai da aka yi makonni kafin layin ya yanke, sannan na toshe tsagin da silikon. Takwas ɗin da suka rage duk sun yi fiffike. Daren da na ƙarshensu ya yi saɓarsa ta ƙarshe ban kwanta ba, ina zaune da ƴar fitila ina kallon fikafikansa suna miƙewa kaɗan-kaɗan, jefi-jefi ina leƙa ƙarƙashin tebur in ga ko ruwan kofunan ya ja baya.