Ƙudajen mangwaron Inna

Laraba, Jega.

Zafin daren jiya bai bar kowa ya rintsa ba. Da na dawo sallar asuba na tarar mangwaron da Baba ya kawo ranar Lahadi guda 3 sun fashe a ƙasan kwando, 'yan ƙananan ƙudajen nan masu jan ido sun yi musu rumfa. Inna har ta ɗauka za ta watsa wa awaki, na ce ta bar mini ɗaya.

"Mi kaka yi da ruɓaɓɓen abu?"

Na ce karatu ne. Ta ce Allah shi kyauta.

Na jefa shi a tsohuwar kwalba, na jira ƙudajen suka shiga, na ɗaure bakin da tsumman atamfa. Gindin randa na ajiye ta, don in zafi ya kai digiri 30 mazansu kan daina haihuwa, mu kuwa nan rana ta wuce 40. A digiri 25 kwana 10 ya ishi ƙwai ya zama ƙuda mai fiffike.

Malaminmu ne ya ɗora mini su a aikin kammala digiri, kuma da farko na raina. Drosofila ake ce musu, kuma tun 1910 da Thomas Morgan ya tsinci mai farin ido a Jami'ar Kolombiya masana ba su sake su ba. Ni rabona hanjinsu. Cikin mutum akwai ɗaruruwan nau'in bakteriya, na ƙudan nan kuwa 'yan kaɗan ne, yawanci gida biyu: Laktobasilus, dangin masu tsamama kamu da nono, da Asetobakta, masu wannan warin tsami na ruɓaɓɓen ɗan itace.

Ba da su ake haihuwar tsutsa ba. Uwar ce ke saka ƙwai a kan abincin da ta yi wa kashi, tsutsa na fitowa ta ci ɓawon da abin da ke kewaye, shi ke nan ta ɗauka. Shi ya sa in aka wanke ƙwan da ruwan bilic sai a sami ƙuda mai hanji fayau. Irin wannan in abinci ba shi da ƙarfi girmansa ja yake yi, amma a Faransa an nuna a 2011 cewa Laktobasilus nau'i ɗaya tak yana dawo masa da saurin girma.

Abin da ya cinye mini hantsi shi ne zaman bakteriyar a hanji. Shiga ba wuya, wa ke zaunawa? A 2013 masu bincike a Amurka suka riƙa sauya wa ƙudaje abinci mai tsabta kullum, sai bakteriyar cikinsu ta yi ƙasa ƙwarai. Ashe baƙi ne, yau a haɗiye su gobe a kasayar. Ga shi tsakiyar hanjin akwai wani yanki mai tsananin tsami da ke kashe da yawa. Na daɗe ina zaton maganar ta ƙare a nan. Sai a 2018 wasu a Fotugal suka ɗebo bakteriya daga ƙudajen da aka kamo a waje, ba na ɗakin gwaji ba, suka ga su kam suna kafa gida ko an yi ta sauya abinci. A 2023 aka gano mazaunin: can gaba, kafin tsamin, wajen wata 'yar jaka irin wadda kaza ke tara tsaba. Wanda ya riga shiga ya manne wa bango, ɗan'uwansa in ya zo daga baya da ƙyar zai sami wuri. Amma Asetobakta, Laktobasilus ne ma ke share masa fili, kuma tsamin da Laktobasilus ya fitar shi Asetobakta ke ci.

Da azahar na kwashe wannan na faɗa wa Inna tana tankaɗe. Ba ta ko ɗago ba ta ce ai ƙwaryar nono ce: Bafillatanar da ke kawo mana takan rage na jiya ta zuba a sabon madara, kuma tsohuwar ƙwarya ta fi sabuwa kama nono. Na buɗe baki zan yi gardama, na rufe. Ragin jiya shi ne binciken 2013, tsohuwar ƙwarya kuma na 2018. Ni dai a ganina an zalunci ƙudan ɗakin gwaji da aka yi masa hukunci da bakteriyar da ta saba da kwalba ta manta hanji.

Bayan la'asar Auta ya kwance tsumman wai zai ga ko sun mutu. Rabi suka gudu. Na ƙirga ragowar, 11, ga kuma fararen tsutsotsi sun fara motsi a gefen ƙwallon. Na ɗora kwalbar bayan randa inda hannunsa ba ya kai. Gobe sai na nemo auduga da kwalba ta biyu, in kuma roƙi Inna ta rage mini ayaba ɗaya.