Tsohuwar Land Cruiser da abin da take nema a tsakar gida

A bakin garejina akwai wata filtar baƙin mai da na raba biyu da zarto na rataye a jikin ƙusa. Duk wanda ya zo ya fara ja da ni a kan kuɗin filta, ba na ɓata yawun bakina, sai in ce wa yaro ya sauko da ita. Kwalin da ta zo a ciki ja da fari ne, ga sunan Toyota ɓaro-ɓaro, ga lamba, har da ɗan tambarin nan mai walƙiya. Cikinta kuwa takardar ba ta kai rabin ta gaskiya ba, an liƙe ta da gam, kuma babu robar da ke hana mai zurarewa ƙasa idan an kashe inji. Wannan abar ce ta ci injin wani bawan Allah mai sayen riɗi, bai fi wata huɗu da saka ta ba. Kowace safiya injin yana tashi a bushe na ɗan lokaci kafin mai ya hau, a hankali ƙarfe ya ci ƙarfe. Kuɗin da ya rage a kan filtar bai kai na buhun riɗi guda ba.

A Haɗeja nake, kuma ba na taɓa ƙananan motoci. Aikina tsofaffin motoci masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda mutanenmu ke kira masu ogzilari: Land Cruiser samfurin 70 da aka fara ƙerawa tun 1984, da samfurin 80, sai Hilux mai injin 3L ko 5L. Masu kawo min su 'yan kifi ne, da masu noman shinkafa a fadama, da fataken da ke shiga rairayin Machina da Yusufari inda kwalta ta ƙare. Yawancin Land Cruiser ɗin nan inji ɗaya ne a cikinsu, 1HZ, wanda ya fito a 1990. Silinda shida a jere, lita 4.2, gas yake sha, ba turbo, kuma tsofaffin ba kwamfutar da za ta hana shi tashi. Ba ya gudu, in ka taka totur sai ya yi kamar yana shawara, amma ka ba shi mai mai kyau da iska mai tsabta da ruwan sanyi, zai ga auren 'ya'yanka.

A hannun maigidana na san wannan inji, Allah ya jiƙansa. Ya yi shekaru a Agadas yana gyaran motocin da ke ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma kafin ya dawo gida, har ya rasu bai daina kiran juye, wato sauya baƙin mai, da bidanj ba, irin na mutanen Nijar. Shekarata ta farko sifana ma bai bar ni na riƙe ba. Daro ya ba ni da kananzir da tsohon buroshi, ina wanke notuna ina jera su a kan buhu yadda aka kwance su. In na juya jerin, rankwashi. Wata rana ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji yana aiki, ya manna min ƙotar a kunne ya ce, "Kai yaro, me ta ce maka?" Na ce, "Oga, ƙara kawai nake ji." Ya ce to in ci gaba da wanke noti har ranar da zan ji magana. Na ji haushi a lokacin. Yanzu mota tana shigowa layinmu nake sanin ko nozul ne ke ɗiga ko bawul ne ya buɗe da yawa, tun direba bai kashe ta ba.

Shi ne ya saba min da cewa rabin gyaran irin wannan mota a gidan mai ita ake yin sa. A hamada ba gareji, direba ne bakaniken kansa. Don haka duk wanda ya kawo min mota karon farko, ba na ba shi makulli sai ya tsaya mun buɗe bonet tare. Wasu manyan mutane ba sa so, su ce ai suna da direba. In ce, "Ranka ya daɗe, direba gobe yana iya barin aiki, motar kuwa taka ce."

Da safe kafin a tayar da ita, ka zaro sandar gwada mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Baƙin mai a injin gas yana yin baƙi da wuri, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ka ga ya yi launin shayi da madara, ko ka ga ya ƙaru da kansa yana warin gas. Ka leƙa ƙasan motar ka ga abin da ta zubar cikin dare. Ni kan ce a shimfiɗa tsohon kwali a ƙarƙashinta, da safe ɗigon zai nuna maka daga inda yake fitowa. Juye kuma kowane kilomita 5,000, tare da filta, kada a ce wai filtar za ta ƙara zagaye ɗaya. Injin yana shan kusan lita goma, kuma da zafinsa ake kwance notin ƙasa don dattin ya biyo man. Kafin ka ɗaura sabuwar filta ka shafa wa robar bakinta ɗan mai da yatsa, ka ɗaure da hannu. Sau nawa aka kawo min filtar da wani ƙato ya ɗaure da ƙarfe har sai da muka huda ta da sukudireba kafin ta juya.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarmu a nan, musamman da hunturu. A ƙasan tukunyar filtar iska akwai ɗan kofi mai maƙalli da ke tara ƙura mai nauyi, mutane da yawa sun shekara da mota ba su san yana buɗuwa ba. Wanda ke bin hanyar rairayi ya zazzage shi kullum. Ita filtar, in za a hura ta, daga ciki ake hurawa zuwa waje, a hankali. Buga ta da jikin taya da yaran tasha ke yi yana tsaga takardar, tsagar da ido ba zai gani ba amma ƙura za ta gani. Ka saka fitilar waya a cikinta a wuri mai duhu, in haske ya ɓullo ta wani rami, ta gama aiki. A nan ma masu jabu sun iso. An taɓa kawo min katan guda daga wani dila da na daɗe ina hulɗa da shi, na ɗauki ɗaya na ji ba nauyi, na ƙirga ninkin takardar na tarar ya gaza na wadda na cire nesa ba kusa ba. Na kira shi, ya rantse min cewa kamfani ne ya sauya samfuri. Na mayar masa da kayansa a motar haya, kuɗin mota ma ni na biya, daga ranar ban sake ɗaga wayarsa ba.

Gas ɗin da ake saya a jarka a bakin hanya kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Filtar gas ta wannan mota tana da wurin tara ruwa a gindinta, da ɗan famfo na roba da ake murɗawa da hannu. Ka tara kwalba, ka sassauta shi, ka danna famfon da ke saman filtar har ruwan ya gama fita gas tsantsa ya biyo. Akwai fitila a gaban direba da ke kamawa in ruwan ya taru, amma a motar da ta haura shekara ashirin da biyar ba na yarda da kowace fitila. Ruwan nan in ya wuce zuwa injekta, gyaran ya bar tsakar gida, ya bar ma garejina, sai an kai wa masu na'urar gwaji a Kano.

Lagireto ne inda muke yawan saɓawa da masu mota. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishiri da kanwa, suna toshe ƙananan hanyoyin lagireto, suna cin cikin inji da tsatsa. Ruwan sanyaya inji na gaskiya ake sakawa, jan nan, a gauraya da ruwa mai tsabta. Sai kuma masu cire tamostat, ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, wai ƙasarmu da zafi ba a buƙatarsa. Wanda ya ƙera motar ya san da Sahara ya saka shi. 1HZ yana da haƙuri a kan komai ban da zafi: ya tafasa sau ɗaya da kyau, tof silinda na iya tsagewa, kuma na gaske yanzu sai an tona. In allurar zafi ta fara hawa a cikin rairayi, ka tsaya ka juya hancin motar wajen iska, ka bar injin yana aiki a hankali. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Akwai tabo a hannuna na hagu tun ina yaron gareji, shi ya koya min wannan, maigidana kuma ko sannu bai ce min ba sai da ya gama faɗa.

Abin da na fi jin daɗin koya wa mutum shi ne giris, don aiki ne na rabin awa da ke ceton kuɗi masu yawa. Ka sayi famfon giris naka, ka shimfiɗa tabarma ka shiga ƙasan motar. A jikin furofela ta gaba da ta baya akwai ƙananan nonuwa a kowace gaɓa. Ka goge bakin kowanne tukuna, in ba haka ba yashi za ka tura ciki, sannan ka danna har sabon giris ya leƙo ta gefe. Wurin da furofela ke zamewa ciki da waje kuwa dannawa biyu ko uku ta isa, cika shi yana jawo wata matsalar. In za ka cire ƙafa, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko bulo, bulo yana fashewa ba sallama. Ƙarfen tokari ko gungumen itace mai kauri, a kuma sa dutse a bayan taya.

Ogzilari kansa mutane ba su iya zama da shi ba. A cibiyar ƙafafun gaba akwai abin murɗawa mai rubutu biyu, FREE da LOCK. A kan kwalta FREE, ƙaramar giya a H2, wato ƙafa biyu ke ja. In za ka shiga yashi ko taɓo, ka sauka ka murɗa duka biyun zuwa LOCK tun ba ka kafe ba. L4 kuwa, ƙafa huɗu mai ƙarfi a hankali, sai mota ta tsaya cak ake saka ta. Wanda ya manta ya hau kwalta da H4, wato ƙafa huɗu na ja, zai ji sitiyari ya yi tauri a kwana, tayoyi suna kuka, ƙarafan ciki suna murɗe juna. Wasu samfurin 80 kullum da ƙafa huɗu suke ja, su wannan bai shafe su ba. Ko ba ka da inda za ka, sau ɗaya a wata ka kulle ƙafafun ka ɗan zagaya, don man aksul na gaba ya motsa ya wanke haƙoran.

Daminar 2022, da ruwa ya ci garuruwa da gonaki a Jigawa, na ga abin da ban taɓa gani ba. Motoci suna ratsa ruwa har ƙofa, su fito lafiya, masu su suna ta yabon Toyota. Bayan wata biyu suka fara layi a nan da kuka a aksul. Aksul in ya yi zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar ciki tana tsukewa, sai ya zuƙi ruwa ta ɗan bututun numfashinsa ko ta oyilsil, robar da ke hana mai zuba. Ka kwance noti ka ga man giya ya koma kamar kunun gyaɗa. Da sun duba a gida washegari, man 80W-90 na 'yan lita kaɗan ya raba su da sayen boris da haƙori. Notin sama ake fara kwancewa kafin na ƙasa, don kada ka zubar da mai sannan ka tarar na zubawa ya ƙi motsi. Tun daga shekarar nake ja wa duk motar fadama bututun numfashi da tiyo zuwa sama cikin bonet, ba na ma cajin kuɗin aiki a kansa.

Akwai abin da nake roƙo a bar min. Taimin bel na 1HZ kowane kilomita 100,000 nake sauya shi tare da abin da ke ɗame shi, don in ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. Fitilar T-BELT tana kamawa ta tuna maka, amma masu sayar da mota suna kashe ta ba tare da sun sauya komai ba, mitar wasu kuma ta mutu tun zamanin da. Shi ya sa nake rubuta rana da kilomita da farin fenti a jikin murfin bel ɗin. Haka ƙwallon ƙafar gaba, wannan dunƙulen ƙarfe mai sheƙi da ke bayan taya: in ka ga yana zubar da baƙin abu mai ruwa-ruwa, man aksul ya haɗu da giris, sai an wargaza ƙafar gaba ɗaya. Yini guda nake yi a kan ƙafa biyu, ina wanke kowane ƙarfe, ina auna taurin boris da sikeli, shim ɗin sama da na ƙasa, siraran ƙarafan da ke daidaita taurin, kowanne ya koma inda ya fito. Wani zai ce a bakin tasha awa biyu ake yi, kuma rabin kuɗina. Gaskiya ne. Giris suke ɗurawa a kan tsohon datti su goge waje ya yi kyalli.

Makon jiya wani Alhaji mai kifi ya zo da kayan ƙafar gaba a leda, ya ce ɗansa ya samo masa da araha. Na buɗe, na ja robar oyilsil ɗin da yatsa biyu ta tsage kamar ganyen kabeji. Ya ce, "Malam, a saka hakanan mana, ai duk roba ce." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, hannuna ba zai saka wannan ba, gobe in ta zubar sunana za a kira, ba na ɗanka ba." Ya yi fushi ya tafi da motarsa. Shekaranjiya da sassafe na tarar da ita a ƙofar gareji, direba yana barci a ciki, ƙafar dama ta jiƙe sharkaf da mai har kan birki. Tana kan tokari yanzu, na aika Kano a kawo na gaske, yaro yana can yana wanke notunan a daro.