Godiya ga waɗanda suka kwana tare da ni a kan diskin nan

Alhamdulillah, diskin da ke ɗauke da bayananmu na wurin aiki ya dawo, bayanan mutane ko ɗaya bai ɓata ba. Sai yanzu na samu natsuwar zama in rubuta wannan godiyar.

Daren Alhamis ne muka yi wa saba ta ɗaya (saba ita ce babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, guda biyu gare mu) sabuntawa muka sake kunna ta, kawai sai diskin da rumbun bayananmu yake kai ya ƙi tashi a kulosta, wato haɗakar sabobin biyu da aka yi don in ɗaya ta faɗi ɗayar ta karɓi aikin. In na tura shi saba ta biyu ya ɗan yi kamar zai hau sai ya sake faɗuwa, saƙon kuskure na Event 1069, mai nuna wani abu a kulosta ya faɗi, sai maimaituwa yake, ga 1038 a gefe yana cewa an rasa mallakar diskin. Wallahi hannuna har rawa yake, don gari na wayewa ma'aikata za su zo su tarar babu komai.

Godiyata ta farko ga ogana. Ƙarfe ɗayan dare na kira shi, bugu biyu ya ɗaga, kuma abin da ya fara ce min shi ne kar in kuskura in yi wa diskin nan fomat ko in cire shi daga kulosta, in bar shi yadda yake. Oga, wannan maganar taka ita ta tsare mana komai, don zuciyata ta riga ta fara raya min in cire in sake haɗawa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Sai yayana a wannan sana'a, wanda ya lura cewa ba sa'ar da abin ya faru nake dubawa a log (kundin da na'ura ke rubuta abubuwan da suka faru) ba. Ashe Get-ClusterLog, umarnin da ke fito da log ɗin kulosta, da agogon UTC (agogon GMT) yake fitowa sai in ka ƙara masa UseLocalTime don ya bi agogon gida, ni kuma na fi awa ɗaya ina lalube a inda ba nan ba. Da muka gyara sai komai ya fito fili: haɗin iSCSI na saba ta ɗaya, wato hanyar da take bi ta kai ga diskin, bai dawo ba bayan an kunna ta saboda tun farko ba a sa shi ya riƙa haɗuwa da kansa ba, sannan ga tsohon riƙo na SCSI-3, irin kullen da saba ke sa wa diski don kar wata ta taɓa shi, da ya maƙale a kan diskin ya hana ta biyu karɓa. Ya sa muka fara tabbatar babu sabar da ke rubutu a kai tukuna, sannan muka yi Clear-ClusterDiskReservation, umarnin da ke cire wannan riƙon. Yaya, lokacin da alamar diskin ta koma kore, wato ya tashi, ban san sanda na miƙe tsaye ba.

Ba zan manta da 'yar'uwarmu mai kula da SAN (ma'ajiyar da diskin yake ciki) ba, daga gida ta shiga ta duba mana ɓangarenta, tana fama da jariri a hannu ina jin kukansa ta waya. Allah ya raya shi, ya albarkace shi.

Daren Asabar za mu gwada tura diskin tsakanin sabobin biyu a tsanake, ina roƙon ku bar wayoyinku a kunne.