Darussan zaman Asabar

Sana'ata zane da kwamfuta: katin biki, fostar fim, kalandar makarantun Islamiyya. Amma mafi yawan abin da na sani game da sababbin na'urori a zaman da muke yi duk Asabar na koye shi, a bayan wani shago da ke kan Bauchi Road a nan Jos. Cikinmu akwai mai tace fim, akwai ɗaliba daga Jami'ar Jos, akwai wani dattijo mai zanen aikin babbar riga da muke kira Baba, da wata mata mai ginin tukwane da muke kira Inna. Ba malami, ba takardar shaida. Kowa ya zo da abin da ya iya.

Tsadar kaya ce ta fara tara mu. Na'urar buga siffa, wadda ke narka zaren roba tana jera shi layi bisa layi har ya zama abu, ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, don haka adashi muka yi. Data ma haka: mutum ɗaya zai sauko da bidiyon darasi da dare, da safe ya tura wa sauran waya zuwa waya. Manhajojin zane, Blender ta gina siffa da Inkscape ta jan layi, kyauta ake samun su, wannan ya taimaka ƙwarai. Wuta kuwa, buga ƙaramin abu kan ɗauki sa'o'i, in aka ɗauke ta a tsakiya aikin ya lalace, shi ya sa batir da farantin sola suka riga komai shiga lissafinmu.

Darussan kusan duk da Turanci suke. Dokarmu ita ce duk wanda ya kalli darasi sai ya tsaya ya bayyana shi da Hausa, ta yadda Baba da Inna za su gane. A nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace wurin latsawa kawai. Baba ba ya barin abu ya wuce. "Yaro, me ya sa?" Tambayarsa ke nan kullum, kuma ta tilasta mana sanin dalilin kowane mataki.

Darasin da ya fi zauna mini ya zo ne lokacin da muka so mu kwafi tulun Inna. Hanyar ita ce a zagaye abu ana ɗaukarsa hoto ta kowace fuska, kowane hoto ya ɗan hau kan na baya, sai manhaja ta haɗa su ta gina siffar a cikin kwamfuta. Mun gano cewa rana mai ƙarfi tana ɓata aikin saboda inuwa, abu mai sheƙi kuma yana rikita manhajar. Lumshin daminar Jos ya fi kowace fitila dacewa da wannan aiki. Siffar ta fito da kyau, har zanen wuyan tulun ya bayyana, muka buga ƙaraminsa muka miƙa mata. Ta juya shi, ta sa yatsa a baki, ta ƙwanƙwasa gindin.

"'Ya'yana, kun ɗauko fuskarsa, kun baro cikinsa," in ji ta.

Sai ta zaunar da mu. Ta nuna mana inda take ƙara kauri don tulu ya zauna daram, inda take rage shi don kada ya yi wa mai ɗauka nauyi, da yadda yumɓun da ba a shafe shi ba yake tsattsafo da ruwa kaɗan kaɗan, iska ta busar, ruwan ciki ya yi sanyi. Kyamara ba ta ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, fatar waje kawai take gani. Ɗalibar cikinmu ta koma Blender ta gina cikin tulun da hannu, Inna na tsaye a kanta tana cewa ƙara nan, rage can. Tun daga ranar, kafin mu ɗauki hoton kowane abu sai mai shi ya yi mana bayaninsa, mu naɗi muryarsa mu ajiye tare da siffar.

Ina yawan tuna Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Bature Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Ta koyi ginin tukunya a kan faifai mai juyawa, da shafe mai sheƙi, da gashi a tanda mai tsananin zafi. Duk da haka manyan tukwanenta da hannu ta ci gaba da gina su irin na Gbagyi, da zanen ƙadangare da kada da kifi. Ta shiga sabuwar fasaha tana riƙe da sana'arta, shi ya sa fasahar ta yi mata bauta. A ganina wannan ne ma'aunin da ya dace da mu.

Ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ake ba umarni ta ƙirƙiro zane ko rubutu da kanta, ita ce ta jawo mana muhawara mafi zafi. Mun nemi ta zana aska takwas, ta kawo ado mai ɗaukar ido wanda Baba ya ce babu maɗinkin da zai iya bin sa da allura, domin layukan ba su da mafari ba su da maƙura. Da muka gwada zayyanar allo, haruffan Larabcin suka fito a cakuɗe, ba sa karantuwa. Nan take muka yanke cewa ba a sa ta rubuta aya. Mai tace fim yana ganin tana rage masa wahala wajen gyaran sauti da tsara fosta, kuma gaskiyarsa. Ni ma ina amfani da ita in ina laluben launi. Abin da na ƙi, kuma na faɗa a zaman, shi ne a ɗora zanen Baba a intanet ba da saninsa ba, domin abin da ya hau can ba ya dawowa, kuma abincinsa ke nan. Yanzu ba a ɗora aikin kowa sai ya yarda, kuma da sunansa a jiki.

A watannin nan Baba yana koyon jan layi a Inkscape don ya adana zanukan da ya gada daga mahaifinsa, waɗanda takardunsu suka fara yagewa. Ni nake riƙe masa linzamin kwamfuta in hannunsa ya gaji, shi kuma yana koya mini sunan kowane zane da rigar da ta dace da shi.